Mai Cire Alama

Litinin, 3 ga Maris, ƙarfe 7:10 na safe

Yaya ta ce ta kwana lafiya. Ban yarda ba, domin na tarar ta share shagon ɗinkinta tas, ta jera zare launi-launi a kan kanta, abin da ba ta yi sai tana cikin damuwa. Yau za mu koma wajen Likita karɓar sakamakon jinin da aka ɗibar mata watan jiya.

Na sayi wannan littafin ne don in riƙa rubuta abin da likitoci suka faɗa, da rana da lokaci. Shekara ashirin da ɗaya ina aikin jarida, na san yadda magana ke sauya kama idan ta kwana a ka. Abin da aka tabbatar kawai zan rubuta.

An tabbatar: idon hagu ne. Akwai ƙari a cikinsa, ta baya. Wata biyar tana ganin inuwa kamar an ja labule daga gefe, ba ta gaya wa kowa ba sai da ta kasa zura zare a allura.

Litinin, 4:30 na yamma

Likita ta ɗauki farar takarda ta zana danginmu. Maza akwati, mata da'ira. Ta cike da'irar Yaya da baƙin biro. Ta ja layi a kan akwatin Baba, ta tambayi abin da ya yi ajalinsa. Yaya ta dube ni. Na ce ƙura ce, ƙurar farantan rufin gida na asbestos da ya shekara goma sha huɗu yana yankawa. Ta tambayi inda ciwon ya kama. Na ce fatar da ta lulluɓe huhu. Ta cike akwatinsa shi ma.

Ga bayaninta, yadda na rubuta tana magana. A cikin kowace ƙwayar jiki akwai furotin iri-iri, kowanne da aikinsa. Jiki yakan liƙa musu wata 'yar alama, wani lokaci tana nufin a zubar da wannan, wani lokaci a tsayar da aikinsa. Akwai kuma wani sinadari da aikinsa ke nan ya bi yana cire alamar idan lokacin cirewa ya yi. Wata ƙwayar gado ce ke ba da umarnin haɗa shi. Kowa yana da biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Yaya an haife ta da ɗaya a lalace. Ranar da ta biyun ta gaza a wani lungu na jiki, alamu sai su zauna inda bai kamata ba, daga nan ƙari ya samu ƙofa: a ido, a fatar huhu, a ƙoda, a fata. Sunan ƙwayar haruffa uku ne da lamba ɗaya. Na rubuta shi a bangon littafin nan.

Yaya ta ce, wato akwai mai warware ɗinki a jikin kowa, nata ne malalaci. Likita ta yi dariya ta ce kusan haka.

Na tambaya ko hakan na nufin ba ƙurar ce ta kashe Baba ba. Ta ce ba za ta ce haka ba. Ƙurar guba ce ga kowa, mai irin wannan gadon kuma kaɗan ma kan ishe shi. Raba su ba zai yiwu ba.

An ɗebi jinina. Mako uku zuwa huɗu.

Sai ta ɗora bakin biro kusa da akwatin Baba ta ce, yana da 'yan'uwa? Yaya ta ce ƙani ɗaya. Likita ta zana akwatin, ta ce dole a sanar da shi, shi da 'ya'yansa. Ta tambayi wadda za ta je a cikinmu. Na mayar da birona jaka.

Talata, 4 ga Maris, 1:00 na rana

Aiki. Na gyara shafi shida. Na kama kuskure biyu a labarin gobarar kasuwa.

Alhamis, 6 ga Maris, 6:40 na yamma

Yaya tana ɗinki da ido ɗaya a rufe, wai tana koyon zama da kishiyar gani tun kafin a kawo ta. Ta ce in daina tsayuwa a kanta kamar mai jiran gawa, in zauna in cire mata zaren shafi a rigar wata malama.

Muna cikin haka ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Jan Biro, ke za ki je wajen Baffa."

Tun ina firamare take kirana haka, don ina gyara mata wasiƙun samarinta. Na ce ita Baffa zai fi saurara. Ta ce ba ita ta rubuta ba.

Wannan ma an tabbatar.

Asabar, 8 ga Maris, 10:15 na safe

Tunda littafin gaskiya na ce zan yi, bari in rubuta.

Baffa ne mai wurin yankan farantan. Baba yana aiki a ƙarƙashin ƙaninsa, bai taɓa jin kunyar haka ba. Da ya rasu ina shekara ta biyu a jarida. Kwana tara bayan rasuwar na rubuta kalma ɗari takwas da goma sha biyu, aka buga a shafi na uku, da hoton ƙofar wurin, da sunan Baffa sau biyar. Na faɗi babu takunkumin hanci, babu taga ta baya, ana shara da tsintsiya a bushe. Duk gaskiya ne. Na ce ƙani ya shayar da wansa ƙura har ya mutu. Masu duba lafiyar wuraren aiki suka zo suka rufe wurin. Unguwa ta daina gaishe shi. Ya kwashe iyalinsa ya koma bayan tashar jirgin ƙasa. A ofis aka yaba min, Edita na lokacin ya ce ina da ƙarfin hali.

Shekara goma sha tara ke nan. Inna ta rasu ba ta sake ambaton sunansa ba, mu ma muka bi ta.

Jiya na sake karanta rubutun. Ban sami kuskure ko ɗaya ba. Na karanta sau uku ina neman.

Litinin, 10 ga Maris, 8:00 na safe

Ban je ba.

Laraba, 12 ga Maris, 5:20 na yamma

Likitan ido ya ce ƙarin ya yi girman da ba za a iya ƙona shi a bar idon ba. Za a cire, ranar 7 ga Afrilu. Kafin nan za a ɗauki hoton hanta, domin irin wannan can yake fara zuwa in zai yi tafiya.

A hanyar gida Yaya ta tsaya ta sayi yadi shuɗi. Ta ce idan za a saka mata idon roba, ita za ta zaɓi launi, kuma ba za ta ɗauki irin nawa ba, mai kallon mutane kamar takardar jarrabawa.

Alhamis, 13 ga Maris, 7:30 na safe

Na rubuta abin da zan faɗa wa Baffa. Sakin layi uku. Na farko labarin Yaya, na biyu bayanin Likita, na uku lambar asibitin. Babu sifa ko ɗaya. Ya yi kyau.

Ban je ba.

Asabar, 15 ga Maris, 3:45 na yamma

Na je har bakin layin. Gidaje ne a jere masu baƙar ƙofa, igiyar shanya ta ratsa daga wannan baranda zuwa waccan. Jirgi ya wuce, tagogi suka yi ta kaɗawa. Na tsaya wajen mai gyaran keke kamar ina jiran wani. Ya tambaye ni gidan wa nake nema. Na ce na yi ɓatan hanya.

Talata, 18 ga Maris, 6:10 na yamma

Hoton hanta ya fito. Likita ta rufe ƙofar ofis kafin ta zauna. Ta yi magana minti goma sha ɗaya.

Yau ban rubuta tana magana ba.

Alhamis, 20 ga Maris, 1:15 na rana

Yaya ta mayar wa mutum huɗu da yadinsu. Ta riƙe rigar malamar kawai, ta ce an riga an yanka.

Asabar, 22 ga Maris, 6:30 na yamma

Na je. Zan rubuta a jere.

'Yar Baffa ce ta buɗe ƙofa. Tsinke muke ce mata muna yara. Yanzu ta yi jiki, tana koyarwa a makarantar mata, 'ya'yanta uku. Ta gane ni nan take. Ta tsaya riƙe da ƙofar, sannan ta ce in cire takalmi, yanzu ta gama goge ƙasa.

Baffa yana zaune a kujerar roba kusa da taga, rediyo a cinyarsa. Ya tsufa ya zama Baba. Wuyan, kunnuwan, yadda yake ɗora hannu a gwiwa. Ban shirya wa wannan ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar yadda ake amsa wa mai karatun mita. Ya juyo da kansa gaba ɗaya don ya dube ni, sai na lura idonsa na dama ba ya motsi tare da ɗayan.

Na fito da takardata na karanta sakin layi na farko. Da na kai kan idon Yaya, ya kashe rediyon. Na shiga na biyu, ina bayanin alama da mai cire alama, Tsinke ta katse ni. Ta ce sun sani. Kowace shekara ana duba mata ido, ita da ƙannenta biyu, tun shekarar da aka cire na mahaifinsu. Shekara uku da suka wuce aka yi musu gwajin jinin. Ita tana da shi, ƙannen ba su da shi. An taɓa ganin wani ɗan tabo a bayanta, aka yanke tun yana kamar ƙwayar gero. Ta faɗi sunan ƙwayar, haruffa uku da lamba ɗaya, ba ta duba takarda ba.

Na tambaya yaushe aka cire idon. Baffa ya ce shekara goma sha ɗaya. Likitan da ya yi aikin ya tambaye shi ciwon da ya kashe wansa, da ya ji, ya ce ana fara lura irin waɗannan kan biyo jini, ya gaya wa 'ya'yan wan nasa su riƙa zuwa ana duba su.

Na ce, Baffa, ba ka gaya mana ba.

Ya ce, "Na rubuto miki. Gida ba a buɗe min ƙofa, sai na aika ofis, da sunanki. Kuma kin ba ni amsa."

Ya aiki Tsinke ta ɗauko wata jakar takardu. Ya zaro ba tare da ya nema ba. Takardar ofishinmu ce, da tambarinmu a sama, layi biyu: an samu wasiƙarka, jarida tana nan a kan labarinta. Sa hannuna ne a ƙasa.

Ya karɓe abinsa ya mayar jaka. Ya tambaya wane idon Yaya ne. Na ce hagu. Ya tambaya ko ciwon ya tsaya a idon. Na ninke takardata. Ya kunna rediyonsa.

Lahadi, 23 ga Maris, 9:00 na safe

Ba na tuna wasiƙar. Na tuna tsarin. A shekarun da nake riƙe da teburin ƙorafi, idan wasiƙa ta zo daga wanda aka yi labari a kansa kuma an riga an rufe maganar, ba a ɓata lokaci. A buga hatimi, a aika amsar da aka saba, a saka a fayil. Ni na kawo tsarin. Har yanzu da shi ake aiki.

Litinin, 24 ga Maris, 12:40 na rana

Ɗakin ajiya yana ƙasan bene, kusa da injin wuta. Mai ajiya ya yi min tsiya, wai manya ba sa saukowa sai za a kai su kotu. Ya hau tsani ya sauko da kwalin shekarar. Minti ashirin muka yi.

Ambulan ruwan ƙasa. Sunana da rubutun Baffa, manyan haruffa irin na mai rubutu a kan katako. Hatimin ofis a kai, da rana. A gefe, da jan biro, rubutuna: a ba shi amsar da aka saba.

Bakin ambulan ɗin a liƙe yake.

Mai ajiya ya miƙo min wuƙar buɗe wasiƙa, ya ce zai je ya sha shayi.

Layi biyar ne. Ya ce an cire masa ido. Ya ce likita ya ce ciwon yana iya zama na jini, shi da na Baba. Ya ce ni da Yaya mu je a duba mana ido duk shekara, kada mu yi wasa. Ya ce ba don maganar jarida ya rubuto ba, wannan ta wuce. Ya ce a gaishe da Inna in za ta amsa.

Laraba, 26 ga Maris, 4:00 na yamma

Na tambayi Likita, ni kaɗai. Da ana duba ta duk shekara? Ta ce ba ta son irin wannan tambayar, ba ta warkar da kowa. Na ce amsa nake so. Ta ce babu mai ba da tabbaci, amma mai yiwuwa da an gan shi yana ƙarami.

Mai yiwuwa. A aikina, wannan kalmar takan hana a buga labari. Yau ba ta hana komai ba.

Asabar, 29 ga Maris, 5:50 na yamma

Na kai wa Yaya wasiƙar. Ban yi gabatarwa ba, na ajiye a kan keken ɗinki. Ta matso da ita kusa da idon dama ta karanta. Ta juya ambulan ta ga jan biron. Ta duba ranar da ke jikin hatimin, na ga leɓenta yana lissafi.

Na jira. Na shirya wa zagi, na shirya wa kuka.

Ta ninke wasiƙar ta saka a aljihunta, ta ce in miƙo mata almakashi.

Har na tafi ba ta kira ni Jan Biro ba. Ba ta kira ni komai ba.

Litinin, 31 ga Maris, 2:20 na rana

Sakamakona ya fito. Ba ni da shi. Duka biyun nawa lafiya lau suke, suna aikinsu.

Likita ta ce in yi murna. Na gode mata.

Laraba, 2 ga Afrilu, 6:00 na yamma

Na nemi Edita ya ba ni wuri a akwatin gyara na shafi na biyu. Ya karanta tsohon rubutun ya ce wane bayani ne ba daidai ba? Na ce babu. Ya ce to gyaran me? Ƙurar tana nan, tagar babu, mutumin ya mutu. Ya ce rabin masu karatunmu ba a haife su ba lokacin, kuma ni da kaina na koya masa cewa akwatin gyara ba wurin wanke zuciya ba ne.

Na ce akwai kuskure ɗaya da littafin ƙa'idarmu ya sani: ba a ji ta bakin wanda ake zargi ba. Ban je ba, ban kira ba. Da ya rubuto kuma ban buɗe ba.

Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce kada ya wuce kalma hamsin.

Asabar, 5 ga Afrilu, 8:30 na safe

Ya fito, a ƙarƙashin gyaran sakamakon ƙwallo.

"A wani rubutu da aka buga a wannan jarida shekara goma sha tara da suka wuce, an ɗora wa wani mutum alhakin mutuwar ɗan'uwansa ba tare da an ji ta bakinsa ba. Ya rubuto, ba a karanta ba. Marubuciyar ce ta yi kuskure."

Kalma arba'in da uku, a kan ɗari takwas da goma sha biyu. Na ba Tsinke kwafi a bakin ƙofa, na gaya mata ranar aikin idon Yaya da lambar ɗaki, da cewa ciwon ya kai hanta. Ta ce za ta karanta masa in ya yarda. Ba ta ce in shiga ba.

Litinin, 7 ga Afrilu, 3:10 na rana

An yi. Awa ɗaya da minti arba'in. Ta farka, ta yi amai, ta koma barci.

Talata, 8 ga Afrilu, 5:00 na yamma

Ta sha ruwa kaɗan. Ta yi magana da ma'aikaciyar jinya, ta yi magana da matar gadon kusa. Ni takan ce "a ɗaga min filo," "a rufe taga," kamar ɗakin ne ke yi.

Laraba, 9 ga Afrilu, 6:20 na yamma

Da ƙarfe huɗu, lokacin ziyara, Tsinke ta shigo riƙe da hannunsa. Ya saka riga mai guga. Ya tsaya a ƙarshen gadon yana kallon bandejin. Yaya ta juyo da kanta gaba ɗaya, yadda shi ma yake yi, ta ce, "Baffa, ka ga na biyo ka. Amma ni hagu na bayar, kada a ce na kwaikwaye ka."

Ya ce in sun jera a hanya, mutum ɗaya ne cikakke. Ta yi dariya har ta riƙe bandejin. Daga nan ta yi kukan da ba ta yi ba tun watan jiya, ya bar ta ta yi, hannunsa a kan ƙafarta.

Na ja masa kujera, ni kuma na tsaya jikin bango ta damarsa.

Bai yi maganar jarida ba. Bai yi maganar hanta ba, ko da yake na san Tsinke ta gaya masa. Yaya ta ɗauki butar ruwa za ta zuba a kofi, ruwan ya zube a kan tire. Ya ce haka shi ma ya yi wata biyu yana jiƙa tabarma. Ya kama hannunta ya nuna mata: a fara taɓa bakin butar da bakin kofi, sai an ji ƙarar, sannan a zuba. Matakala kuma a taɓa ta da ƙafa kafin a yarda da ita. Allura a jingina ta da farin ƙyalle. Ta gwada sau uku, na ukun bai zube ba. Ta ce ina ma ta sami wannan darasin tun tana da lokacin amfani da shi.

Ya yi kusan awa ɗaya. Ina tsaye ina kallon gefen fuskarsa da idon da ba ya motsi. Na san dalilin da ya sa na zaɓi wurin. Ina tsammanin shi ma ya sani.

Da aka kaɗa ƙararrawar tashi, ya dafa gwiwa zai miƙe, sai ya fasa. Bai juyo ba.

Ya ce, "Ke 'yar nan, zagayo ta wannan gefen. Nan inda kike ba na ganinki."

Na zagaya.